Khan Academy: Makarantar Kyauta da Himmar Mutum Ɗaya Ta Gina, da Iyakar Abin da Za Ta Iya Yi wa Ɗalibi

Khan Academy shafin intanet ne da kuma manhajar waya da ke koyar da lissafi, kimiyya, tattalin arziki, ilimin kwamfuta da wasu darussa, tun daga matakin ƙidayar yara har zuwa abin da ake karantawa a shekarun farko na jami'a. Ba a biyan ko sisi kafin a kalli darasi ko a yi aikin gwaji, kuma shafin ba ya cika wa mutum ido da tallace-tallace, domin ƙungiya ce da ba ta neman riba, mai hedikwata a garin Mountain View na jihar Kalifoniya a Amurka, wadda ke gudana da gudummawar gidauniyoyi da ta ɗaiɗaikun mutane. A ganina, a fannin lissafi da wuya a samu wata hidima ta kyauta da ta kama ƙafarta. Sai dai amfanin da ɗalibi zai samu a cikinta ya dogara ƙwarai ga wani abu da manhajar ba ta iya bayarwa, kuma tarihin kafuwarta shi ne ya fi bayyana wannan abin.

Wanda ya kafa ta shi ne Salman Khan, kuma ya kamata a faɗa wa masu kallon fina-finan Indiya tun da wuri cewa ba jarumin nan da suka sani ba ne, suna ne kawai ya zo ɗaya. Wannan an haife shi a 1976 a jihar Luwiziyana, mahaifinsa ɗan Bangaladesh, mahaifiyarsa kuma daga Indiya. Ya yi karatun lissafi da injiniyanci da ilimin kwamfuta a MIT, fitacciyar jami'ar kimiyya da fasaha ta Amurka, sannan ya yi digiri na biyu a fannin kasuwanci a Jami'ar Harvard, ya kama aiki a wani kamfanin juya kuɗaɗen masu zuba jari. A 2004 ya fara taimaka wa wata 'yar uwarsa mai shekara 12 da ke birnin New Orleans, wadda ta faɗi wani gwajin lissafi saboda ta kasa gane yadda ake juya ma'auni daga wani zuwa wani. Ta wayar tarho suke karatun, yana rubuta mata misalai a wani allon zane na Yahoo da take gani a kwamfutarta. Da yarinyar ta farfaɗo sai sauran yaran dangi suka shigo, lokaci ya yi masa kaɗan, shi ne a 2006 ya fara ɗaukar darussan yana ɗorawa a YouTube domin kowa ya kalla lokacin da ya samu sarari. Ya sha faɗa cewa yaran sun gaya masa sun fi son sa a bidiyo a kan ya koyar da su kai tsaye, saboda suna iya tsayar da shi, su maimaita wurin da ya shige musu duhu sau nawa suka so, ba tare da jin kunyar sun ɓata masa lokaci ba.

A 2008 ya yi wa aikin rajista a matsayin ƙungiya, a 2009 kuma ya ajiye aikinsa mai tsoka ya koma ɗaukar bidiyo a wani ɗan lungun ajiye tufafi na gidansa, shi da iyalinsa suna cin abin da suka tara. Ya yi watanni a haka babu wata babbar gudummawa, har sai da wata mai tallafa wa ayyukan alheri mai suna Ann Doerr ta aiko masa da dala 10,000, daga baya ta ƙara da dala 100,000 da ta fahimci ba shi da albashi. A 2010 Bill Gates ya ambata a wani taro a garin Aspen cewa yana amfani da darussan tare da 'ya'yansa, kuma a shekarar ce Google ya ba da dala miliyan 2, Gidauniyar Gates ita ma ta ba da dala miliyan 1.5. Duk wanda ya san yadda albashi mai kauri yake riƙe mutum zai yarda cewa ba a barin irin wannan aiki don sha'awa ta ɗan lokaci. Akwai wata aƙida da mutumin ya yi imani da ita, kuma ita ce aka gina manhajar a kanta tun daga tushe.

Aƙidar ita ce, yawancin yaran da ake kira daƙiƙai a lissafi ba ƙwaƙwalwa suka rasa ba, giɓi ne aka bar musu a baya aka ci gaba da ɗora musu sabon karatu a kansa. A makarantar da muka saba, lokaci shi ne a ƙayyade: an ware wa darasi mako biyu, in sun cika an wuce, wanda ya gane da wanda bai gane ba duk a tafi tare. Yaron da ya ci 60 cikin 100 a lissafin rabi da sulusi da rubu'i an ce ya ci jarrabawa, har a yaba masa, alhali kashi 40 na darasin bai zauna masa ba, kuma wannan kason da ya rasa shi zai tarar yana jiransa a aljabara, sannan a lissafin kusurwoyi, har ya kai aji biyar na sakandare ya yanke wa kansa hukuncin cewa shi ba a halicce shi don lissafi ba. Khan ya ce a juya lamarin: ƙwarewa ita ce za a ƙayyade, lokacin da kowane yaro zai ɗauka kafin ya kai gare ta kuma a bar shi ya bambanta.

Ba shi ya ƙago wannan tunani ba. Masanin ilimi Benjamin Bloom na Jami'ar Chicago ya yi rubutu a kan koyo har a ƙware tun 1968, kuma a 1984 ya wallafa wani bincike da ya nuna cewa matsakaicin ɗalibin da aka koyar shi kaɗai, ba a wuce da shi gaba sai ya ƙware, ya fi kusan kashi 98 cikin 100 na waɗanda aka koyar a aji na yau da kullum. Binciken da aka yi daga baya bai samu tazara mai girma haka ba, ko da yake ya tabbatar da cewa koyarwar mutum da mutum tana da tasiri sosai. Matsalar da Bloom ya bari ita ce babu ƙasar da za ta iya ɗaukar wa kowane yaro malaminsa shi kaɗai. Khan Academy yunƙuri ne na kusantar wannan matsayi da na'ura.

Ga yadda abin yake a aikace. Kowane fanni an raba shi kashi-kashi, kowane kashi yana da gajerun bidiyoyi, galibi na 'yan mintoci, da bayani a rubuce, da tambayoyin gwaji. Idan ɗalibi ya kasa amsa tambaya, akwai wurin da zai danna a nuna masa matakin farko na warwarewa, in bai isa ba ya ƙara dannawa a nuna na biyu, har zuwa amsa. Sai dai in ya nemi wannan taimako ba za a lissafa masa tambayar cikin waɗanda ya ci ba. A farkon shafin sai mutum ya amsa tambayoyi goma a jere daidai kafin a ce ya iya, yanzu kuwa an mayar da shi hawa-hawa, daga wanda ya fara sabawa, zuwa wanda ya iya, zuwa wanda ya ƙware, kuma matsayin yana iya sauka idan aka sake jarraba ɗalibi a gwajin ƙarshen kashi ya faɗi abin da ya ci a baya. Wannan saukar matsayi ita ce ta fi burge ni a duk tsarin, domin tana hana yaro yaudarar kansa da karatun da ya yi jiya ya manta yau.

Wanda ya yi makarantar allo ba zai ga baƙon abu a nan ba. A tsangaya yara talatin na iya zama a da'ira ɗaya kowa da inda yake, wani yana Sabbi wani ya kai Yasin, kuma ba a cewa yaro ya wanke allonsa a yi masa ƙari sai ya biya wa malam karatun ya zauna daram, sannan ga tilawa da ke dawo da shi kan abin da ya wuce. Ba a taɓa jin an ce zango ya ƙare don haka kowa ya wuce sura ta gaba ba. Bambancin da ke akwai shi ne, a tsangaya malam yana zaune da idonsa a kan yaro, ya san ranar da ya yi lalaci da ranar da ba shi da lafiya, a manhaja kuwa lissafin kwamfuta ne ke tsaye a madadinsa.

Su kansu bidiyoyin suna da wani salo da ya bambanta su. Ba a ganin fuskar mai koyarwa, baƙin allo ne kawai da rubutu mai launi-launi yana fitowa da hannu, ga murya tana bayani kamar ta yayan da ya zauna kusa da ƙaninsa a tabarma. A tsofaffin bidiyoyin za a ji Khan yana tunani a bayyane, ya yi kuskure a tarawa ya dawo ya gyara, ya yi mamakin yadda wata ƙa'ida ta fito da kyau kamar yau ya fara ganinta. Wannan jin daɗin da yake yi da lissafi yana ratsa mai sauraro, kuma ina ganin shi ne sirrin da ya sa darussansa suka yi fice a lokacin da manyan jami'o'i ke ɗora laccocin awa guda da ba kowa ke iya kai ƙarshensu ba. Yaron da bai taɓa ganin wani babba yana murna da lambobi ba, a nan zai fara gani.

Amma himma ba ta maye gurbin sanin dabarun koyarwa, kuma malaman lissafi a Amurka sun faɗa masa haka ba tare da ɓoye-ɓoye ba. A 2012 wasu malamai biyu na Jami'ar Grand Valley da ke jihar Michigan sun ɗauki bidiyo suna kallon darasinsa na ninka lambobin da ke ƙasa da sifili da raba su, suna nuna inda ya rikita kalmomi da inda ya ba da ƙa'ida bai faɗi dalilinta ba. Khan Academy ta sauke wannan darasi ta sake ɗaukar wani, abin da ya cancanci yabo. Sukar da aka fi maimaitawa ita ce darussan sun fi karkata ga nuna matakan warware tambaya, yi kaza sannan kaza, a kan gina fahimtar abin da ya sa matakan suke aiki. Daga baya ƙungiyar ta ɗauki ƙwararru a fannoni daban-daban, an sake rubuta tambayoyi da yawa, an kuma ƙara waɗanda ke buƙatar tunani, don haka sukar ta rage ƙarfi a lissafi. A kimiyya kuwa har yanzu tana nan, domin kallon zanen gwaji a allo ba zai zama daidai da riƙe kwalba da awo a ɗakin gwaje-gwaje ba. Darussan tarihi da na zaman jama'a an tsara su ne domin ɗaliban Amurka, kuma ɗalibinmu ba zai ƙaru da su sosai ba sai dai don buɗe ido.

Mai karatu a Kano ko Sakkwato zai fara cin karo da matsalar harshe. Hausa ba ta cikin harsunan da aka fassara shafin zuwa gare su, kuma Turancin da ake yi na Amurka ne, mai sauri da haɗiye haruffa, wanda yaron da ya saba da lafazin malaminsa na makarantar gwamnati zai ɗauki lokaci kafin kunnensa ya saba. Akwai rubutun abin da ake faɗa a ƙasan bidiyo, ana kuma iya rage saurin maganar, kuma duka biyun suna taimakawa. Ɗaliban Maraɗi da Damagaram da Yamai sun fi sa'a ta wata fuskar, domin akwai sashen Faransanci da ƙungiyar Bibliothèques Sans Frontières ta fara fassarawa tun 2013, wanda aka jera bisa azuzuwan tsarin karatun Faransa da na Beljiyam, tsarin da ya yi kusa da na Nijar. Ga ɗan Najeriya jerin azuzuwan na Amurka ne, misalan kuma cike suke da dala da mil da inci. Wanda ke shirin WAEC ko NECO ko JAMB zai samu yawancin batutuwan lissafinsa a ciki, amma a warwatse ƙarƙashin wasu sunaye, don haka sai ya riƙe jadawalin jarrabawarsa a hannu yana neman kowane batu da kansa, sannan ya haɗa da tsofaffin takardun tambayoyi domin ya saba da yadda ake yin tambaya a nan.

Sai batun data da wuta, wanda kowa ya san shi. Bidiyo yana cin data, kuma ko da yake manhajar waya tana barin a sauke bidiyo a ajiye don kallo daga baya, tambayoyin gwaji, waɗanda su ne zuciyar tsarin, suna buƙatar intanet. Makarantar da ke da 'yan kwamfutoci da hasken sola za ta iya duba Kolibri, wata manhaja ta kyauta daga ƙungiyar Learning Equality, wadda ke ɗauke da darussan Khan Academy da tambayoyinsu a kwamfuta ɗaya, sauran na'urori su jona da ita ba tare da intanet ba.

Babban abin da nake so mai karatu ya auna kafin ya ɗora buri a kan wannan hidima shi ne wannan: yarinyar da aka fara koyarwa a 2004 ba bidiyo ne ya farfaɗo da ita ba. Wani babba ne a danginta ya ƙi yarda cewa ita daƙiƙiya ce, ya riƙa kiranta a waya bayan ya tashi daga aiki, har ya nemi makarantarsu ta sake yi mata gwajin. Manhajar ta kwafi bayaninsa da tambayoyinsa ta raba wa miliyoyin mutane, amma ba ta iya kwafar wannan kulawa ba. An yi ƙoƙarin cike gurbin da maki da lambobin yabo da ake tarawa a shafi, kuma suna jan ƙananan yara na ɗan lokaci, sai dai yaro mai wayo yakan gano yadda zai tara maki da tambayoyi masu sauƙi ba tare da ya ƙaru ba. Abin da na lura da shi a tsakanin yaran da ke amfani da ita shi ne, wanda dama yake da ƙishirwar karatu yakan yi nisa ƙwarai, wanda kuwa aka miƙa wa waya aka ce ya je ya koyi lissafi aka juya baya, kafin a ankara ya koma kallon wani abu dabam a wayar. Idan ba a yi hattara ba, kayan aikin da aka yi domin rage tazara tsakanin ɗalibai sai ya ƙara ta.

Ayyukan ƙungiyar kanta sun nuna ta san da haka. Tun a 2010 ta shiga wasu azuzuwa a gundumar Los Altos ta Kalifoniya, inda yara ke aiki a manhaja malami kuma yana duba wani shafi da ke nuna masa wanda ya maƙale da inda ya maƙale, sai ya je ya zauna da shi ko ya haɗa shi da ɗan ajin da ya riga ya wuce wurin. A 2014 Khan ya buɗe makaranta ta gini da malamai da kuɗin makaranta a Mountain View, mai suna Khan Lab School, sannan a 2020, lokacin da annobar korona ta rufe makarantu, ya kafa Schoolhouse.world inda masu sa kai ke koyar da ɗalibai kyauta ta Zoom, manhajar ganawa ta bidiyo. Mutumin da ya yi suna da koyarwa ta bidiyo ya dawo yana neman hanyar haɗa ɗalibi da ɗan Adam mai rai, kuma wannan ya isa hujja.

Saboda haka malamai ne nake ganin za su fi kowa cin moriyarta a wurinmu. Malamin firamare da aka ɗora wa koyar da lissafi alhali shi kansa an bar masa giɓi tun yana ɗalibi, kuma irinsu suna da yawa ba don laifinsu ba, zai iya zama shi kaɗai da daddare ya cike giɓin ba tare da kowa ya gani ba, washegari ya shiga aji ya yi bayanin da Hausar da yaransa ke ji, da misalin mudu da tiya da canjin naira. Waya ɗaya a hannun irin wannan malami ta isa ta amfani aji mai yara tamanin. Mai makarantar lesin ta yamma shi ma zai iya buɗe aji a shafin kyauta, ya ba kowane yaro aikin da ya dace da matsayinsa, ya ga sakamako ba tare da ya kwana yana duba littattafai ba.

A watan Maris na 2023 ƙungiyar ta fito da Khanmigo, mai koyarwa na ƙirƙirarriyar basira da aka gina a kan GPT-4, manhajar kamfanin OpenAI mai amsa tambayoyi kamar mutum, wanda aka tsara shi ya riƙa yi wa ɗalibi tambayoyi yana jan shi zuwa amsa maimakon ya faɗa masa ita. Wannan sashe ba kyauta ba ne ga iyaye da ɗalibai, kuma 'yan jarida da suka gwada shi a farkon fitowarsa sun same shi yana kuskure a lissafi mai sauƙi, don haka ba shi ne zan sa a gaba wajen yanke hukunci a kan hidimar ba. Ga ƙananan yara 'yan shekara 2 zuwa 8 akwai manhaja ta dabam, Khan Academy Kids, da aka fitar a 2018, ita ma kyauta kuma babu talla, mai kyau wajen koyon haruffa da ƙidaya da Turanci, in dai an ƙayyade wa yaro lokacin riƙe waya.

Uba ko uwa ko yayan da ke son gwadawa da ɗan sakandare, shawarata ita ce kada a fara da ajin da yaron yake. A koma baya aji biyu ko uku, a sa shi ya yi gwajin da ke tattara dukan darussan wancan aji, wanda ba ya wuce tambayoyi talatin ko makamancin haka, domin a nan ne giɓin zai fito fili, kuma sau da yawa za a same shi a rabawa ko a lissafin rabi da sulusi. A tanadar masa littafi da biro ya riƙa warware kowace tambaya a rubuce kafin ya danna amsa, tun da a zauren jarrabawa takarda za a ba shi. Rabin awa kullum ya fi awa huɗu ranar Asabar, kuma a ƙarshen kowane mako wani babba ya zauna da shi ya buɗe shafin da ke nuna abin da ya yi, ya zaɓi tambaya ɗaya cikin waɗanda ya ci, ya ce ya yi masa bayaninta da Hausa.